Buɗaɗɗiyar Ƙira: In An Ba Da Akuya, A Saki Igiya

Akwai wata magana da ta yi yawo ƙwarai a bakin injiniyoyi da masu ƙere-ƙere na duniya cikin shekarun nan, har ta fara shigowa jami'o'inmu da makarantunmu na koyon sana'a. Da Hausa sai mu kira ta buɗaɗɗiyar ƙira. Abin nufi shi ne mutum ya ƙago wata na'ura, ko inji, ko wani kayan aiki, maimakon ya ɓoye asirin yadda aka yi ta sai ya baza zanenta a fili, ya ce duk mai so ya ɗauka ya ƙera tasa. Magana ce mai daɗin ji, kuma daɗin nan nata shi ya sa yanzu 'yan kasuwa da yawa su ke so su liƙa wa hajarsu wannan suna, ko ta cancanta ko ba ta cancanta ba. To, in suna ya zama na kowa, sai ya daina nuna kome. Sabo da haka ya kamata a tsaya a tantance wace ƙira ce ta isa a kira ta buɗaɗɗiya, kuma wace takarda ce ke tsare ta.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ƙira ba ta amsa wannan suna sai ta cika sharaɗi biyu. Na fari, a ba da zanen asali cikakke, wanda maƙeri zai iya dubawa ya gyara. Na biyu, a ba maƙerin izini a rubuce ya ƙera, ya sayar, ya ci ribarsa, ba tare da ya sake zuwa gaisuwa wurin kowa ba. Duk wanda ya ba da ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ba da akuya ne igiya tana hannunsa.

ASALIN MAGANAR

Tushen abin daga wajen masu rubuta manhajar kwamfuta ya fito. Cikin 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya tashi haiƙan, ya ce bai dace a ba mutum manhaja a hana shi duba cikinta da gyara ta ba, ya kafa aikin da a ke kira GNU. Cikin 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda dabararsa ita ce kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba, har ya sayar, amma in ya miƙa wa wani abin da ya gyara, tilas ne ya miƙa shi a buɗe kamar yadda shi ma ya samu. Cikin 1998 kuma Bruce Perens da abokansa suka tsara sharuɗɗan da a ke auna manhaja da su kafin a kira ta buɗaɗɗiya.

Da masu ƙera na'urori suka ga albarkar da wannan hanya ta jawo wa masu manhaja, sai su ma suka nemi tasu. Cikin 2007 wata ƙungiyar masu sha'awar harkar rediyo a Amurka, mai suna TAPR, ta fitar da lasisin da wani lauya John Ackermann ya rubuta musamman domin na'urori. Cikin watan Satumba na 2010 aka yi babban taro a birnin New York, wanda waɗansu mata biyu, Ayah Bdeir da Alicia Gibb, suka shirya. Bayan an sha muhawara, cikin watan Fabrairu na 2011 aka fito da bayanin ma'anar buɗaɗɗiyar ƙira, mai sharuɗɗa 12. Cikin 2012 aka kafa ƙungiyar OSHWA domin ta riƙa kula da wannan ma'ana, kuma tun 2016 ta ke ba da lambar shaida kyauta ga duk ƙirar da mai ita ya yi alkawarin ta cika sharuɗɗan.

Abin da sharuɗɗan nan 12 suka ƙunsa ba shi da wuyar fahimta. Kowa yana da ikon ya yi nazarin ƙirar, ya sake ta, ya raba zanenta, ya ƙera ta, ya sayar da ita, ba a neman lada daga gare shi. Ba a ware wani mutum ko wata al'umma a ce ban da su, ba a kuma ware wata sana'a a ce ba a yarda a yi amfani da ƙirar cikinta ba. Abin da mai ƙirar asali zai iya nema shi ne a ambaci sunansa, kuma wanda ya sake ƙirar ya sa wa tasa wani suna dabam, kada ya sa mutane su zaci maigidan ne ya yi ta ko ya tsaya mata.

HOTON RIGA BA YA KOYA ƊINKI

Bari mu fara da sharaɗin farko, watau zanen asali. Wanda ya nuna wa tela hoton babbar riga mai aska takwas bai koya masa ɗinkinta ba. Sai ya faɗa masa yadi nawa ta ci, yaya a ke yanka kowane ƙyalle, wane zare aka sa, sa'an nan ya ba shi zanen aikin a takarda, tukun telan ya iya fitar da irinta, ya kuma iya rage ta ko ƙara ta daidai jikin wani. Haka al'amarin ya ke a wajen na'ura. Kamfanoni da yawa su kan fitar da hoton allon lantarkinsu, ko wata takarda da a ke iya karantawa amma ba a iya taɓa kome cikinta, su ce ai sun buɗe. Sharuɗɗan 2011 sun ƙi wannan. Abin da su ke nema shi ne ainihin fayil ɗin da injiniyan ya yi aiki da shi a kwamfutarsa, wanda in an buɗe shi za a iya matsar da layi, a sake awo, a musanya wani ƙarfe da wani. Sun kuma hana a dagula zanen da gangan don kada a gane shi.

Mu kam muna ganin ko wannan bai isa ba sai an haɗa da jerin kayan haɗi, kowanne da sunansa da awonsa, da bayanin yadda a ke harhaɗawa daki daki, da yadda a ke gwada abin in an gama. Jamusawa sun lura da wannan giɓi, shi ya sa cikin 2020 hukumarsu ta ƙa'idoji ta fitar da wata takarda mai lamba DIN SPEC 3105, wadda ta fayyace irin bayanin da ya kamata ya biyo zane domin wanda ya san sana'ar ya iya ƙera abin. Akwai kuma batun manhajar da a ke buɗe fayil ɗin da ita. In zanen kyauta ne amma ba ya buɗuwa sai da manhajar da kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin maƙeri, an buɗe masa ƙofar zaure ne an kulle ta cikin gida. Don haka ya fi kyau a yi zanen da irin manhajar KiCad, wadda wani Bafaranshe Jean-Pierre Charras ya fara cikin 1992, kuma kowa ke samunta kyauta.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware a nan. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida dabam, buɗaɗɗiyar ƙira dabam. Ga misali RISC-V, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley cikin 2010. Shi jerin ƙa'idoji ne na umarnin da ƙwaƙwalwar kwamfuta za ta riƙa ganewa, kuma kowa na iya ƙera ƙwaƙwalwa bisa wannan ƙa'ida ba tare da ya biya kowa ba. Wannan babban alheri ne. Amma kamfanin da ya ƙera tasa yana da iko ya ɓoye zanenta, kuma da yawa sun ɓoye. Sanin girman mudu bai koya wa mutum yadda a ke ƙera kwanon ba. Kada mai saye ya ji an ce RISC-V ya ɗauka zanen ya zo hannunsa ke nan.

"BAN DA CINIKI"

Yanzu sai sharaɗi na biyu, wanda shi ne ya fi jawo gardama. Mutane da yawa masu kyakkyawar niyya su kan saki zanensu, amma su rubuta a ƙasa cewa ba su yarda a yi ciniki da shi ba. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Su kan ce, mun kwana muna wahala, mun kashe kuɗinmu wajen gwaje-gwaje, sa'an nan wani mai babbar masana'anta ya zo ya kwashe zanen ya ƙera dubu ɗari da araha, ya kore mu daga kasuwa? Ai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mun ji wannan kuka, kuma za mu koma kansa. Amma duk da haka muna cewa ƙirar da aka hana ciniki da ita ba ta cancanci sunan buɗaɗɗiya ba, ga dalilanmu.

Na ɗaya, na'ura ba kamar manhaja ta ke ba. Manhaja a kan kwafe ta sau dubu ba a kashe ko kwabo ba. Amma injin niƙa sai an sayi ƙarfe, an biya mai walda, an sha wuta ko mai, an ɗauko shi a mota. Ba wanda zai yi wannan ɗawainiya sau biyu sau uku in an hana shi ya mai da kuɗinsa ya ci ɗan abin sa wa a baki. Manomi kuwa ba shi zai ƙera wa kansa inji ba, sai ya je wurin maƙeri ya saya. Ashe in an hana maƙeri ciniki, manomin aka hana injin.

Na biyu, wannan sharaɗi ba ya kama wanda aka ɗana shi dominsa. Babbar masana'antar da ke wata ƙasa mai nisa, in ta ga riba, tana da injiniyoyin da za su sayi na'urar guda ɗaya su kwance ta su auna, su sake zana tasu, tana kuma da lauyoyi. Wanda sharaɗin ke kamawa shi ne mai gaskiya, ƙaramin maƙeri ko malamin makaranta da ya karanta takardar ya ji tsoro ya bari.

Na uku, ba a san iyakar ciniki ba. In asibitin mishan ya ƙera na'urar ya karɓi kuɗin awo daga marasa lafiya, ciniki ya yi? In ɗalibi ya ƙera wa ɗan'uwansa aka biya shi kuɗin kaya da na wahala fa? Takardar da sai an kira lauya kafin a san ko an taka ta, ta riga ta kore yawancin waɗanda aka yi ta dominsu.

Tarihi ya ba mu misali a kowane gefe. Cikin 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙago bel ɗin nan na kujerar mota mai ratsa ƙirji da ƙugu. Kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da dabarar. Da a ce sun gindaya sharaɗin ban da ciniki, da bel ɗin bai shiga motar kowa ba sai tasu, domin duk mota don sayarwa a ke ƙera ta. A ɗaya gefen kuma, a ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, kamfanin Medtronic ya saki zanen wata na'urarsa ta taimakon numfashi mai lamba PB560. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Amma izinin da ya bayar na yaƙi da annobar ne kawai, kuma mai wa'adi ne. Wane mai hankali ne zai zuba jarinsa ya kafa masana'anta a kan izinin da an riga an sa masa ranar mutuwa? Wannan aro ne, kuma aro abin godiya ne, amma a kira shi da sunansa.

INDA SHARI'A TA YI RAUNI

To, in an yarda da ma'anar, wace takarda ce za ta tsare ta? A nan ne masu ƙira suka tarar da wata matsalar da masu manhaja ba su sani ba. Lasisin GPL yana da ƙarfi ne domin shari'a ta ɗauki manhaja kamar rubutu, kuma haƙƙin marubuci yana samuwa da kansa da zarar an rubuta, ba sai an je ofis an yi rajista ba. Duk wanda ya kwafi manhajar ba bisa sharaɗi ba ya taka haƙƙin. Amma a yawancin ƙasashe haƙƙin marubuci zanen da ke takarda ya ke tsarewa, ba ya bin aikin da na'urar ke yi. Wanda ya kwafi takardar ya shiga hannu, amma wanda ya kalli injin ya gane dabararsa ya ƙera irinsa, da wuya a kama shi ta wannan hanya.

Abin da ke tsare dabara shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda a kan nema a ofishin gwamnati, a biya kuɗi, kuma a kowace ƙasa sai an nemi tata. Wa'adinta shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata, kuma haka dokar Nijeriya ta 1970 ta tanada. Yawancin masu buɗaɗɗiyar ƙira ba su da kuɗin wannan, ba su kuma da niyyarsa. Ga shi kuma lasisan Creative Commons da mutane da yawa ke liƙa wa zanensu, an yi su ne domin littattafai da hotuna da waƙoƙi, kuma na ƙarshensu ya faɗa ƙarara cewa bai shafi mallakar ƙirƙira ba. Watau mutum na iya ba ka zane da hannun dama, ya zo ya kai ka kotu da takardar mallaka a hannun hagu.

Waɗanda suka fi kowa zama a kan wannan matsala su ne ma'aikatan CERN, babbar cibiyar nan ta binciken kimiyya da ke kusa da Janiba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. Ita ce cibiyar da ta sakar wa duniya manhajar shafukan intanet kyauta cikin 1993. Wani injiniyanta Javier Serrano da abokan aikinsa suka fitar da lasisin ƙira na farko cikin 2011, suka yi ta gyara shi, har cikin watan Maris na 2020 suka fito da na biyu mai rassa uku. Reshen da a ke wa alama da harafin P shi ne mai sauƙi: ɗauka ka yi abin da ka ga dama, ka dai bar sunan mai asali. Reshen S shi ne mai tsanani: in ka ƙera ka miƙa wa wani, tilas ka ba shi zanen duka, har da abin da ka ƙara, ko ka nuna masa inda zai same shi. Reshen W yana tsakani: gyaran da ka yi wa ainihin ƙirar sai ka buɗe, amma kana iya haɗa ta da wani sashe naka da ka rufe. Dukansu uku sun ƙunshi izinin amfani da mallakar ƙirƙirar mai bayarwa, kuma wanda ya tashi ya yi ƙara a kan wannan ƙira da takardar mallaka, izininsa ya faɗi.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. CERN ta ƙago wata na'ura mai suna White Rabbit, wadda ke daidaita agogon injuna masu nisa da juna har bambancinsu bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Ta saki zanen, kamfanoni dabam dabam suka shiga ƙera ta suna sayarwa, ita kanta cibiyar tana saye daga gare su. In wannan ya tsawwala kuɗi sai ta koma wajen wancan, in wani ya rufe shago aikin ba ya tsayawa. Wannan ita ce ribar da mai bayarwa ke samu, kuma ba ta samuwa sai an bar mutane sun yi ciniki.

ME ZAI TSARE MAI WAHALA?

Mu koma ga kukan da muka ajiye. Haƙiƙa haɗarin yana nan, ba mai musu. Dubi labarin injin nan mai buga siffa, wanda ke narkar da roba yana zuba ta hawa hawa har abu ya fito da jikinsa. Kamfanin Stratasys ne ke riƙe da mallakar dabarar har wa'adinta ya ƙare cikin 2009. Tun 2005 kuwa wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap, ya saki zanensa ga kowa. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin MakerBot cikin 2009, jama'a suka taimaka masa da dabarunsu. Cikin 2012 sai ya fito da sabon inji ya rufe zanensa, cikin 2013 kuma Stratasys ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 400. Waɗanda suka taya shi aiki kyauta suka ji an ci amanarsu. Josef Prusa na birnin Prague, wanda shi ma daga RepRap ya taso, ya fito fili cikin 2023 yana kukan cewa waɗansu kamfanoni suna kwasar aikin jama'a ba sa mayar da kome.

Amma a lura da abin da ya wanzu bayan wannan duka. Zanen da aka riga aka saki bai koma kube ba. Injin da a da sai babban kamfani ke iya saye ya sauko har ɗalibi na iya mallaka. Cikin 2013 a birnin Lome na ƙasar Togo, Kodjo Afate Gnikou ya harhaɗa irin wannan inji da tarkacen tsofaffin kwamfutoci, yana bin tsarin RepRap, bai nemi izinin kowa ba domin an riga an ba shi. Da irin wannan inji ne kuma a ke buga madubin likita mai suna OpenFlexure, wanda Richard Bowman ya fara a Ingila ya sa shi ƙarƙashin lasisin CERN, har aka ƙera shi a ƙasar Tanzaniya aka gwada shi wajen duba jinin masu zazzaɓin cizon sauro tare da cibiyar lafiya ta Ifakara.

Abin da ke tsare mai wahala na farko shi ne sunansa. Dubi Arduino, ɗan allon lantarkin nan da Massimo Banzi da abokansa suka ƙago a garin Ivrea na Italiya cikin 2005, wanda ɗalibanmu na injiniya suka san shi sarai. Sun saki zanen ga kowa, amma sun yi rajistar sunan. Kowa na iya ƙera irinsa ya sayar, kuma an ƙera ba iyaka, amma ba mai ikon ya kira nasa Arduino. Mai son araha ya sayi kwaikwayo, mai son tabbas ya nemi na asali. Sunan nan ya yi daraja har cikin watan Oktoba na 2025 kamfanin Qualcomm ya ba da sanarwar sayen kamfanin, kuma zanen da aka saki tun da fari yana nan hannun jama'a, domin irin wannan izini ba a janye shi. Na biyu shi ne bugawa a fili da kwanan wata. Doka ba ta yarda a ba da mallakar ƙirƙira a kan abin da duniya ta riga ta sani ba, sabo da haka wanda ya buga zanensa ya kafa shaida a kan duk wanda zai zo daga baya ya ce shi ya ƙago. Na uku shi ne zaɓen lasisi mai tsanani irin reshen S tun farko, ga wanda ke tsoron a kwashe a rufe. Tun ran gini tun ran zane.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wannan magana ba ta tsallake mu ba. Muna da cibiyoyin da a ke biya da kuɗin baitulmali domin su ƙago injuna, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar injunan noma ta Ilori, da hukumar NASENI da aka kafa cikin 1992, ban da jami'o'i da makarantun fasaha inda kowace shekara ɗalibai ke ƙera injin sussuka, da na ɓarar gyaɗa, da na busar da tumatir. Muna kuma da maƙera masu hannu, a Panteka ta Kaduna da sauran garuruwanmu, waɗanda in sun ga abu sau ɗaya sai su fitar da irinsa. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa masu zane da masu guduma.

Shawararmu ga mahukunta ita ce, duk injin da aka ƙago da kuɗin jama'a domin amfanin talakawa, a saki zanensa cikakke, da jerin kayansa, da bayanin harhaɗa shi cikin Ingilishi da Hausa da sauran harsunanmu, a ƙarƙashin lasisin da duniya ta riga ta sani, kamar na CERN. Kada kowace ma'aikata ta zauna ta rubuta nata, domin yawan lasisi ruɗani ya ke jawowa, zanen wannan ya kasa haɗuwa da na wancan. Kada kuma a sa sharaɗin ban da ciniki, domin jama'a sun riga sun biya kuɗin aikin da harajinsu. Cibiyar ta riƙe sunanta da tambarinta, ta riƙa gwada injunan maƙera, wanda nasa ya ci jarrabawa ta ba shi izinin sa tambarin, ta karɓi ɗan ladan gwaji. Ta haka manomi zai san na ƙwarai, maƙeri ya sami kasuwa, cibiyar ta sami suna da kuɗin shiga.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Buɗe zane bai ɗauke wa kowa nauyin lafiyar jama'a ba. Lasisan nan sun faɗa ƙarara cewa mai zane bai ɗauki lamunin abin da wani ya ƙera ba. Na'urar asibiti, ko wadda ke aiki da wuta mai ƙarfi, tilas ta bi ta hannun hukumomin da ke duba ingancin kaya, ko zanenta a buɗe ya ke ko a rufe. Bambancin kawai shi ne, in a buɗe ya ke, mai dubawa yana ganin cikinta, kuma ran da ta lalace ba sai an jira wani ya zo daga ƙetare da makulli ba.

Ga masu saye kuwa, da malamai, da ɗalibai, in wani ya zo muku da na'ura ya ce buɗaɗɗiya ce, ku yi masa tambaya uku. Ina fayil ɗin asali wanda za mu iya gyarawa? Mene ne sunan lasisin? In mun ƙera mun sayar, akwai wanda zai zo mana da sammaci? In ya amsa duka uku ba tare da inda-inda ba, ku karɓa ku gode, ku kuma mayar da abin da kuka ƙara domin na baya su amfana. In ya fara kame-kame, to, ku sayi hajarsa in tana da kyau, ba laifi ba ne mutum ya rufe abinsa, amma ku gaya masa ya sake mata suna. Allah ya sa masu iko su duba wannan shawara, ya kuma sa wa hannun maƙeranmu albarka, amin.